Karen da Aka Kai Ɗan Issa

Malam Rabi'u ya yi yawancin aikinsa na duwan, wato kwastan, a cikin masu kula da karnukan da ke shinshina kaya a kan iyaka. Da ya aje aiki sai ya komo garinsu Madarumfa, ya kama lambun mahaifinsa a bakin tafki, yana noman tumatir da albasa da zogale. Sabon da ya yi da kare ne kawai ya kasa bari. Bai daɗe da dawowa ba ya sayi 'yar kwikwiya irin barje, manyan karnukan nan na Jamus masu tsayayyun kunnuwa da baƙin baya, ya sa mata suna Kyalla.

Da farko mutanen unguwa ba su so abin ba. Akwai wanda ya daina ba shi hannu a masallaci sai ya ga ya sake alwala. Rabi'u bai yi gardama da kowa ba. Ya je ya tambayi liman, liman ya ce kare na gadin gona babu laifi, in dai ba a shigar da shi ɗakin kwana ba. Sai ya yi wa Kyalla rumfa a ƙarƙashin mangwaro can cikin lambu, ya ajiye mata kwanonta daban. Matarsa Atika ita ke tuƙa mata tuwon masara, ta zuba kawunan kifin da masunta ke bayarwa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa shafa ta ba.

Kullum da safe, kafin rana ta yi zafi, Rabi'u yakan fitar da karyar ya koya mata zama da kwanciya da tafiya a gefen ƙafarsa, da gutsuren busasshen kifi a aljihu. Bai taɓa dukanta ba. Sannu a hankali mutane suka ga tana korar awaki daga cikin albasa ba tare da ta ciji ko ɗaya ba, mata masu sarin tumatir kuma suna shiga suna fita tana kwance tana kallonsu. Sai maganar ta mutu.

A Maraɗi akwai wata ƙungiya ta masu barje, suna da zauren hira a wayar salula, wani lokaci kuma su haɗu a fili ranar Lahadi. Sun kasu biyu. Wasu suna son kare mai jin magana, wasu kuma zafi suke so, karen da zai sa baƙo ya juya tun daga bakin titi. Rabi'u shi ne dattijon cikinsu, kuma kowa ya san ɓangaren da yake. Lokacin da Kyalla ta haihu, bai ba kowa kwikwiyo ba sai da ya je da ƙafarsa ya ga gidan: ina inuwa, ina ruwa, wa zai riƙa fita da shi. Ɗaya ya rage, namiji mai faɗin ƙirji, ya sa masa Gamji. Shi ya yi niyyar riƙewa, don Kyalla ta fara manyanta.

Ana nan sai ga Alhaji Al'amin, ƙanen Atika, wanda ke da kamiyoyi biyu, manyan motocin kaya, a kan hanyar Katsina kuma ya gama sabon gida a Ɗan Issa. Tsakaninsa da Rabi'u akwai wasa irin na miji da ƙanen mata. Ya iske shi a lambu, ya tsaya yana kallon Gamji yana fama da tsohon takalmi.

"Malam Rabi'u, wanga kam nawa ne. Gidana ya dace da shi."

"Gidanka wanda ba ka kwana cikinsa? Yau kana Jibiya, gobe kana Kano. Wa zai kula da shi?"

"Ga yara nan cike da gida. Kare ne fa, ba ɗiya za ka ba ni ba."

"Da ɗiya ce da ta iya buɗe baki ta ce an cuce ta," in ji Rabi'u. Ya faɗa da dariya, Al'amin ma ya yi dariya, amma ya tafi ba tare da kwikwiyon ba.

Bayan 'yan kwanaki Atika ta tayar da maganar. Ta ce ɗan'uwanta ya ji zafi, an ba bare an hana shi. Ta ce ɓarayi sun shiga gidan maƙwabcinsa, iyalinsa a tsorace suke. Rabi'u ya ce a nemi mai gadi. Sai Hajiya, mahaifiyar Atika, ta aiko a kira shi. Ya je ya durƙusa a bakin ƙofarta, kansa a ƙasa. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce ba ta taɓa roƙonsa komai ba tun da ya auri ɗiyarta, kuma ba ta so a ce dabba ta shiga tsakanin 'ya'yanta. Rabi'u ya ce, "To, Hajiya."

Shi da kansa ya kai Gamji Ɗan Issa. Ya zaɓi wuri a gindin dalbejiya, ya nuna wa mutanen gidan yadda ake ba shi abinci da yadda ake cire masa kaska. Ya ce kada a ɗaure shi wuni guda, kada a doke shi, a bar shi ya saba da yara da baƙi, kuma in lokacin allurar rigakafi ya yi a kira shi. Al'amin yana ta cewa to, salula a kunnensa. Da Rabi'u ya juya zai fita, kwikwiyon ya biyo shi har bakin ƙofa, sai da aka riƙe shi.

Duk lokacin da ya buga waya, amsa ɗaya ce: lafiya lau, yana ta girma. Da ya samu zuwa bayan wata biyu ko uku, sai ya iske gindin dalbejiyar wayam.

"Yana makaranta," in ji Al'amin. "Na ga ya cika wasa, kowa ya shigo sai ya kaɗa mashi wutsiya. Na kai shi wajen Ɗan Azumi."

Rabi'u ya san Ɗan Azumi daga zauren salula. Shi ne mai turo hotunan karnuka suna yage buhu, idanunsu jajur. An san yadda yake yi: ɗaki mai duhu, yunwa, barkono a abinci, duka har sai kare ya daina yarda da duk wani mai ƙafa biyu.

"Alhaji, ba haka muka yi da kai ba. Ka sa a maido shi yau. In ba ka so, in tahi da abina."

"Kyauta ake amshewa, Malam? Ka bari ka gani. Watanni kaɗan ne."

Rabi'u ya nemi gidan Ɗan Azumi, aka ce ya yi tafiya, ɗakin karnukan kuma a kulle. Ya tsaya a bayan katanga ya kira sunan Gamji, karnuka da yawa suka amsa da haushi, bai iya ware muryarsa ba. Ya koma gida ransa a ɓace. Atika ta ce ya yi haƙuri, za ta yi wa ƙanenta magana. Ta yi, bai ji ba. Daga nan damina ta sauka, aikin gonar gero da ke Safo ya ɗauke Rabi'u, kullum yana cewa in an gama noma zai koma.

Bai koma ba sai da aka kira shi. Wata rana bayan azahar, ana cikin girbi, Al'amin ya bugo. An daɗe da maido karen gida an ɗaure shi da sarƙa a bayan ƙofa. Ranar nan sarƙar ta tsinke daidai lokacin da Aminatu, 'yar maƙwabcinsu da ba ta wuce shekara bakwai ba, ta shigo maido rariyar da uwarta ta ara. Ya kama ta a cinya da hannu. An wuce da ita asibitin Maraɗi.

Rabi'u ya hau kabu-kabu. Ya iske ƙofar gidan cike da maza riƙe da sanduna, an fitar da mata da yara, an kulle karen a tsakar gida. Ya roƙe su su ba shi lokaci. Wani tsoho ya ce a bar shi, ai shi ne mai abin tun asali. Kalmar ta soke shi, amma ita ce ta sa aka buɗe masa ƙofa.

Da ƙyar ya gane Gamji. Ya yi tsawo, amma haƙarƙarinsa duk a waje, wuyansa ya zama gyambo inda sarƙa ta ci, kunne ɗaya ya karye ya kwanta. Ya maƙale a lungu tsakanin bango da tankin ruwa yana gurnani. Rabi'u ya kira sunansa, babu alamar ya san shi. Sai ya zauna a ƙasa, ya ba shi gefe, bai dube shi ba, yana ta magana a hankali kamar mai hira da kansa. Har inuwa ta juya yana nan zaune. Gurnanin ya ragu, ya tsaya. Ya tura masa kwanon ruwa da ƙafa, karen ya sha kamar zai haɗiye kwanon.

Malama Zahara'u, likitar dabbobi da ke yi wa Kyalla allura, ta iso da mota da keji. Ta tambayi Al'amin ko an yi wa karen rigakafin hauka tun da ya zo hannunsa. Ya ce ba a yi ba. Ta fita ta gaya wa mutane cewa in aka kashe shi yanzu ba za a san ko yana da ciwon ba, gara a tsare shi a sa masa ido, yarinyar kuma a fara mata allura ba tare da jira ba. Da haka aka bari suka fita da shi. Al'amin ya biyo Rabi'u har bakin mota yana son ya ce wani abu, Rabi'u ya ce, "Tahi asibiti, Alhaji. Can ake buƙatarka."

Kwanakin da likita ta yanka suka wuce, Gamji bai nuna alamar hauka ba. Aminatu ta warke, aka sallame ta. Rabi'u ya je gaishe su. Mahaifinta ya karɓe shi da mutunci, ya ce ƙaddara ce, sannan ya ƙara da cewa ɗiyarsa ta daina fita ko ƙofar gida, in ta ji kare yana haushi daga nesa sai ta shige bayan uwarta tana makyarkyata. Rabi'u ya ga yarinyar daga nesa tana ɗingishi. Ya yi mata addu'a.

Ya yi wa Gamji shinge a ƙarshen lambu, nesa da inda masu saye ke tsayawa, ya hana kowa zuwa wajen. Duk lokacin sanyin nan a kansa ya ƙare. Ya fara da zama kusa da shi kawai. Daga baya karen ya yarda ya ci daga hannunsa, sannan ya bari aka wanke masa gyambon wuya. Kyalla da farko ta ƙi shi, ta yi masa haushi kamar baƙo, daga baya ta riƙa zuwa tana kwanciya a jikin shingen ta waje. Gashinsa ya dawo, jikinsa ya cika. Ranar da ya fara tafiya a gefen ƙafar Rabi'u har bakin tafki, ya tsaya yana kallon masunta suna jan koma, ragarsu ta kamun kifi, ba tare da ya yi gurnani ba, Rabi'u ya dawo gida yana ba Atika labari kamar wanda ɗansa ya fara tafiya.

Malama Zahara'u ta zo ta gani, ta yaba, amma ta ce kada ya saki jiki. Ta ce akwai abin da in ya shiga kare tun yana ƙarami, kwanciya yake yi, ba fita ba. Rabi'u ya ce ya sani.

A farkon bazara ne abin ya faru. Injin ban ruwa ya tsaya, Rabi'u yana can bakin rijiya yana kwance shi. Ya bar Gamji a doguwar igiya a wajen shinge don ya sha iska, tunda ba ranar masu saye ba ce. Atika ta kawo abincin karnukan da kanta, don ta ga rana ta yi bai aiko ba. Karen ya san ta, ya sha ganinta daga nesa. Ta ajiye kwanon, sai ta ga guntun tiyo na roba a kan hanya, ta sunkuya ta ɗauka ta ɗaga don ta jefar gefe. Rabi'u bai ji karen ya yi haushi ba, ƙarar Atika kawai ya ji. Kafin ya iso Gamji ya kayar da ita, haƙoransa a damtsenta. Ya daka masa tsawa sau ɗaya, karen ya saki, ya ja ciki ya shige ƙarƙashin rumfa, yana fitsari yana rawar jiki, ya rufe ido yana jiran duka.

An yi wa Atika ɗinki mai yawa. Likita ya ce da ba ta tare da hannu ba, da a wuya ne. Daga baya wani ɗan ƙungiya ya gaya wa Rabi'u cewa da irin wannan tiyon Ɗan Azumi ke dukan karnukansa.

Da aka dawo da ita gida, tana kwance hannun a naɗe, ta dube shi ta gane abin da ke ransa.

"Malam, kada ka kashe shi saboda ni. Ni ban riƙe shi ba. Bai san ni ce ba."

"Na san bai sani ba. Shi ne abin da ya sa."

"Ka ƙara mashi shinge. Ba mai sake zuwa wajen."

"Lambu ne, Atika, ba kurkuku ba. Gobe ɗiyar wani ta biyo akuya ta ɗauki kara, ina bakin rijiya. Mi zan ce ma uwarta?"

Ta juya fuskarta bango, ta yi kuka a hankali.

Ya sa maganar a zauren ƙungiya, ko akwai mai wata dabara. Wasu suka yi masa jaje. Wani ya ce a ba shi, yana da sito a bayan tasha, zai ɗaure shi a ciki, irin karen da yake nema ke nan. Rabi'u ya ce a'a. Ya yi ta juya abin har mako ya zagayo, yana neman wata hanya bai samu ba. Sannan ya kira Malama Zahara'u.

Ta zo da safe. Kafin ta iso Rabi'u ya fita da Gamji bakin tafki, suka yi tafiya mai nisa, ya bar shi ya shiga ruwa har ƙirji, ya kori belbelu. Da suka dawo ya ba shi kifi ɗanye guda, abin da bai saba ba shi ba. Ya ce masa ya kwanta, ya kwanta. Ya zauna ya ɗora kan karen a cinyarsa, yana sosa masa bayan karyayyen kunnen, likita ta yi abin da ya kawo ta. Karen bai yi motsi ba. Numfashin ya yi ta raguwa har Rabi'u ya daina jin sa a ƙafarsa.

Shi kaɗai ya haƙa ramin a ƙarshen lambu, ƙasar ta yi tauri, ya daɗe yana yi. Wani masunci da ke wucewa ya tsaya ya tambaye shi ko rijiya ce, da ya ga abin da ke cikin buhu sai ya aje komarsa ya karɓi hauya ya taya shi.

Al'amin ya zo duba yayarsa da kaya niƙi-niƙi. Ya ga hannun, ya sunkuyar da kai. Da zai tafi ya iske Rabi'u a zaure.

"Malam, ka yahe mani. Ban san haka za ta kai ba."

"Allah ya yahe mana baki ɗaya," in ji Rabi'u. Ya raka shi bakin mota. Daga ranar nan wasan da ke tsakaninsu ya ƙare, sai gaisuwa.

Rabi'u bai sake haɗa Kyalla da namiji ba, ko da yake an yi ta roƙonsa. Ya rage zuwa taron Lahadi. Hannun Atika ya warke, amma yatsunta biyu ba su sake lanƙwasawa sosai ba, tuƙin tuwo ya zame mata aiki. Ɗan Azumi kuwa yana nan yana turo hotunansa, masu kai masa karnuka ba su ragu ba.

Bayan sallar layya Atika ta dawo daga Ɗan Issa, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗa. Wani abokin cinikin Al'amin a Kano ya ba shi kwikwiyon barje, ya ji kunyar ƙi. Yana nan a gidan, a cikin kwali, yaran suna ba shi biredi da shayi. Al'amin bai kai shi ko'ina ba, kuma bai iya buɗe baki ya nemi taimako ba.

Rabi'u ya ce ba ruwansa. Ya tashi ya tafi lambu. Kwana biyu bai tayar da zancen ba, ita ma ba ta tayar ba. Ranar kasuwar Ɗan Issa ya kai albasa, da ya sayar sai ya wuce gidan. Ya iske Al'amin zai shiga mota.

"Na ji kana da baƙo."

"Ina da shi, Malam."

"Ban zo in karɓe shi ba, kuma ban zo in yi maka aikin ba. Duk ranar kasuwa zan biyo. Kai za ka riƙe igiyar, ba yaranka ba. Ranar da na zo ba ka nan, in koma. Kuma kahin komai ka je ka gaya ma mahaifin Aminatu, ka ji abin da zai ce. In ya ce bai yarda ba, sai mu nema ma kwikwiyon wani gida."

Al'amin ya dubi direbansa, ya ce ya kashe motar. Ya tsallaka gidan maƙwabcin, ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce mutumin ya ce zai yi shawara da uwar yarinyar, ba zai ba da amsa yau ba.

"Ya yi daidai," in ji Rabi'u. "Kawo shi mu gani."

Aka fito da kwikwiyon, cikinsa ya kumbura da tsutsa, ƙafafunsa manya sun fi ƙarfin jikinsa. Rabi'u bai taɓa shi ba. Ya miƙa wa Al'amin igiya da gutsuren kifi, ya nuna masa yadda zai ɗaga hannu. Al'amin ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna a tsakar gida, ya ce wa kwikwiyon ya zauna. Kwikwiyon ya kama bakin rigar yana ja.

"Kada ka ɗaga murya," in ji Rabi'u. "Sake."